Awo Kafin Rabo: Yadda Muka Tsara Amfani da Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa a Wani Ƙauye

Wanda ya haƙa rijiya shi ke da ramin, shi ke da bututu da famfo, amma ruwan da ke taruwa a ciki ba daga filinsa kaɗai yake fitowa ba. Tafe yake a hankali ta cikin yashi da tsakuwa da tsagar dutse, daga ƙarƙashin gonakin kowa. Rijiyoyin da suka taɓo shimfiɗar ƙasa ɗaya mai riƙe ruwa, ruwa ɗaya suke ja, ko da akwai shinge a tsakaninsu. A kan wannan muka ɗora aikin da muka yi da mutanen wani ƙauye da rijiyoyinsu na sha suka fara ƙafewa tun rani bai yi nisa ba, bayan injinan ban ruwa sun yawaita a gefen gari. Masu lambu na cewa ƙarancin damina ne, masu ɗebo ruwa na cewa injina ne, kuma babu mai wata lamba a hannu da zai kafa hujja da ita. Shi ya sa muka jingine zancen kwamiti da doka, muka sa ƙidaya da awo a gaba.

Ƙidayar ba ta buƙatar komai sai littafi da biro da ƙafa. Muka zagaya tare da mutanen gari, har da matan da ke ɗebo ruwa kullum, domin su suka san rijiyar da ke yin laka da watan da take farawa, da wadda ruwanta ke ɗanɗanon ƙarfe. Kowace rijiya, ta guga ce ko burtsatse, aka ba ta lamba, aka rubuta da fenti a jikinta. A littafi aka sa zurfinta, mai ita, gida nawa ke sha, da me ake jan ruwan, awa nawa a rana, da watan da take ƙafewa in tana yi. Waɗanda aka yi watsi da su ma sun shiga. Ramin da aka bari a buɗe hanya ce ta ƙazanta kai tsaye zuwa ruwan da kowa ke sha, sannan burtsatsen da ba famfo a kansa shi ya fi daɗin awo. Daga nan aka zana taswira a babbar takarda, da rafi, da tudu, da kwari, da masai, da garken dabbobi, da kowace rijiya da lambarta.

Yadda ake awon

Muka zaɓi rijiyoyi kaɗan na sa ido: a tudu, a tsakiyar gari, a cikin lambuna, da kusa da rafi. A bakin kowacce aka yi alama da fenti, wuri ɗaya tak, kuma daga nan ake awo ko da yaushe. In yau an auna daga gefen gabas gobe daga yamma, karkacewar bakin rijiyar kaɗai ta isa ta ɓata lissafi. Kayan awon tef ne mai santimita, a ƙarshensa an ɗaura guntun bututun ƙarfe da aka toshe samansa aka bar ƙasansa a buɗe. In ya taɓa ruwa sai a ji ɓulum. Mai awo ya ɗaga ya saki sau biyu ko uku har ya kama daidai inda sautin ke fitowa, ya karanta tef a kan alamar, ya ƙara tsawon guntun bututun. Akwai na batir mai yin ƙara in ya taɓa ruwa, ya fi sauƙi a rijiya mai zurfi, amma na gida ya wadatar a yawancin rijiyoyin ƙauye.

Lokacin awo shi ne da asuba, kafin kowa ya zura guga ko ya tada inji. Awon tsakar rana yawan ɗiban da aka yi ranar yake nunawa, ba ainihin matakin ruwan ba. Sau biyu a wata ake yi, a ranaku tsayayyu. Aka kuma kafa ma'aunin ruwan sama a fili, nesa da bishiya ko rufi da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, ana karantawa kowace safiya. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan murabba'in mita guda, wato lita 10,000 a kan hekta.

Lambobin ba su tsaya a littafi ba. A bangon da ke kusa da babban famfo aka ja layuka da fenti, duk awon da aka yi a rubuta shi a nan, mai wucewa ya gani. Ba mu muka ƙirƙiri dabarar ba. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya, daga 2004, wani shiri da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa wa ya koya wa manoma a ƙauyuka fiye da 600 auna rijiyoyinsu da ruwan sama da kansu, su rubuta a bango, su zauna su yi lissafin ruwa kafin shukar rani. Abin da ya biyo baya a can ma darasi ne: da shirin ya ƙare, wurare da dama suka daina awon. Saboda haka tun farko muka sa ɗan alawus na masu awo cikin kuɗin ruwa na gari, don kada aikin ya rataya a kan baƙi.

Yawan ruwan da famfo ke bayarwa kuwa jarka mai lita 20 da agogon waya ke faɗinsa. In ta cika a daƙiƙa 60, lita 1,200 ke nan a awa. In injin lambu ya cika ta a daƙiƙa 10, lita 7,200 ke nan a awa. Kowane inji aka auna shi a wurin aikinsa, da tiyonsa, domin abin da kamfani ya rubuta a jikin inji ba shi yake fitowa a gona ba.

Gwajin da ya fi sauya magana a gari shi ne na maƙwabtaka. Aka roƙi kowa ya bar rijiyoyin wani ɓangare su huta dare guda. Da safe aka auna rijiyar sha, sannan aka tada injin da ya fi kowanne girma a lambun da ke kusa, aka ci gaba da auna rijiyar shan kowane minti 30. Mai injin dattijo ne, kuma shi ya fi kowa dagewa cewa ruwansa daban yake. Wani saurayi daga cikin masu awo ya miƙa masa tef ya ce, "Baba, kai za ka riƙe, kai za ka karanta mana." Ya karanta na farko, ya karanta na biyu, zuwa azahar tef na ƙara shigewa a hannunsa alhali ko guga ɗaya ba a ɗiba ba a rijiyar. Aka kashe inji, ruwan ya fara dawowa a hankali. Ba wanda ya ƙara yi masa bayani.

Ga abin da ke faruwa a ƙasa. In inji na ja, matakin ruwa yakan lotsa kewaye da rijiyar ya yi siffar mazurari, zurfinsa a bakin rijiya, faɗinsa na ƙaruwa muddin ana ja. Duk rijiyar da gefen mazurarin ya kai gare ta sai ruwanta ya sauka. A yashi mai sakin ruwa lotsawar ba ta zurfi amma tana nisa. A ƙasa mai tauri takan yi zurfi ta tsuke. A tsagaggen dutse kuwa sha'anin ba ya bin ido: rijiyar da ke dab da inji tana iya tsira, wadda ke can nesa a kan tsaga ɗaya ta sauka. Don haka ba mu aro tazarar rijiya daga wani wuri ba. Abin da gwaji ya nuna aka rubuta, aka ƙara sharaɗin cewa duk sabuwar rijiyar inji sai an yi mata wannan gwaji kafin a bar ta ta fara aiki.

Lissafin shiga da fita

Sai an samu awon cikakken rani da cikakkiyar damina kafin a iya wannan lissafi, kuma na shekarar farko ƙiyasi ne da za a riƙa gyarawa. Ga yadda yake tafiya, da lambobin misali masu sauƙin bi. Mita kubik 1 lita 1,000 ne, wato jarka 50.

A ce daga ƙarshen rani zuwa ƙarshen damina ruwan rijiyoyi ya hau da mita 3. Ba ruwa zalla ne mita ukun nan ba, yawancinsu ƙasa ce da dutse, ruwan na cikin 'yan kafofin da ke tsakani. A yashi mai kyau abin da ke iya fita yakan kai kashi 10 zuwa 25 cikin 100. A ruɓaɓɓen dutse bai cika wuce kashi 1 zuwa 5 ba. Wannan lamba ita ce kaɗai muka nemi masanin ƙasa ya duba mana, don kuskure a cikinta na iya ninka amsa sau goma. In an ɗauki kashi 2, mita 3 ya zama milimita 60, wato mita kubik 600 a kowace hekta. In filin da ke ciyar da rijiyoyin hekta 200 ne, an samu mita kubik 120,000 a shekara. Ba duka ake taɓawa ba. Wani kaso na gangarawa rafi, wani bishiyoyi ke sha, wani na wucewa ƙauyen da ke ƙasa, sannan akwai shekarar fari da ba ta sallama. Mu rabi muke farawa da shi, 60,000, in awon shekaru ya nuna ruwan na komawa matakinsa duk damina sai a ɗan ƙara.

Ɓangaren fita kuma: mutum 800, kowa lita 20 a rana, ya kama mita kubik 5,840 a shekara. Shanu 300 a lita 30, da tumaki da awaki 1,000 a lita 5, cikin kwana 240 da babu ruwa a tafki, ya kama 3,360. Jimla 9,200. Hekta ɗaya ta lambu a lokacin zafi tana shan kamar milimita 6 a rana, wato mita kubik 6,000 cikin kwana 100, in an haɗa da abin da ke ɓacewa a hanyar ruwa ta ƙasa a ce 8,000. Nan ne taro ya yi tsit. Hekta ɗaya ta lambu ta fi shan mutanen gari gaba ɗaya na shekara. Duk wanda ke ganin laifin mata masu wanki ne ko garken baƙi, lambar nan ta ishe shi. In an cire 9,200 daga 60,000, saura 50,800, wato lambun hekta shida da ɗan ɗoriya. Iyakar abin da ƙasar za ta ɗauka ke nan, komai yawan injina.

Wa zai samu nawa

Jerin fifiko bai ja gardama ba: shan mutane da girki, sai dabbobi, sai lambu. Inda aka daɗe shi ne rabon hekta shidan. In aka raba bisa girman gona, mai babban fili ya kwashe, wanda ba shi da fili ya tashi a tutar babu, alhali ruwan sama da ya nutse ya cika ƙasar a kan filin kowa ya sauka, har da makiyaya da hanya. Muka kawo musu misalin tsarin da Vilasrao Salunke ya fara a jihar Maharashtra ta Indiya a shekarun 1970, inda aka raba ruwan noma bisa yawan mutanen gida, rabin eka ga kowane mutum, marar gona ma yana da kaso, aka kuma hana rake saboda yawan shansa. Bayan zama da yawa aka tsaya a kan kason gida. In gidaje 120 ne, kowanne ya samu ruwan murabba'in mita 500, fili mai mita 20 a 25. Gidan da ba ya noma yana iya ba wani aron kasonsa na kaka ɗaya a gaban kwamiti, amma ba a sayar da shi dindindin, kuma aka sa iyakar kaso nawa mutum ɗaya zai iya tarawa. In babu wannan iyaka, cikin 'yan shekaru ruwan zai koma hannun mutum uku ko huɗu.

Kaso a takarda ba ya tsaruwa sai an mayar da shi abin da ido ke gani. Mitar ruwa ita ta fi daidai, sai dai yashi na toshe ta, kuma mai son cuta zai cire ta da dare. Lokaci ya fi sauƙin tsaro, don kowa na jin ƙarar inji. Da lokaci mutanen Oman suka daɗe suna raba ruwan magudanansu na ƙarƙashin ƙasa, waɗanda UNESCO ta sa biyar daga cikinsu a jerin kayan tarihin duniya a 2006. Lissafin ba wuya: murabba'in mita 500 a milimita 8, wato har da abin da ke ɓacewa a hanya, lita 4,000 ne a rana. In ana ban ruwa duk bayan kwana uku, lita 12,000 ke nan, wanda inji mai lita 7,200 a awa zai bayar cikin awa 1 da minti 40. Abu biyu ke ɓata rabon lokaci. Na farko, rijiya ta fi ƙarfi da safe bayan ta huta, mai layin yamma yakan samu ƙasa da na safe, don haka layin juyawa yake yi duk mako. Na biyu, mutum na iya sauya inji ya kawo babba, shi ya sa ake sake gwajin jarka a tsakiyar rani ba tare da sanarwa ba.

Famfon sola sai an yi masa tanadi na musamman. Kuɗin mai shi ne birkin da ke sa mai inji ya kashe, sola kuwa ba ta da shi, daga fitowar rana har faɗuwarta ja take yi, tanki ya cika ya riƙa zuba. Sharaɗinta shi ne makunni mai kashe famfo in tanki ya cika, da na'urar da ke tsayar da shi in ruwa ya sauka, da mita a bakin fita. Injin da ke zaune a sama yana zuƙa kuwa ba ya iya ɗago ruwan da ya wuce kamar mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa. In ruwa ya sauka ƙasa da haka, masu hali sukan koma famfon da ake zurawa cikin rijiya, marasa hali su fita daga noma. Wannan tseren zurfi shi ne abin da doka ke ƙoƙarin tarewa.

Dokar da ta fi kowacce aiki ita ce ta alamomi. Aka ɗaure ta da zurfin silindar famfon tuƙa-tuƙa na sha, wato ɓangaren da ke nutse cikin ruwa yana turo shi sama. A ce silinda na mita 24, ruwa na sauka da mita 4 in ana tuƙi, ana kuma son rarar mita 2 a samanta. Jan layi ya zama mita 18 a awon asuba. In ruwa na sauka da kamar mita 1 a wata a rani, kuma ana son gargaɗin wata uku, layin gargaɗi mai launin ruwan ɗorawa ya zama mita 15. Aka zana su a bangon awo. Muddin ruwa bai sauka zuwa mita 15 ba, kowa da cikakken kasonsa. In an taɓa 15, lokacin ban ruwa ya koma rabi, ba sabuwar shuka. In an taɓa 18, injinan lambu su tsaya. Dole a amince da wannan a ƙarshen damina, rijiyoyi cike, rai a kwance. In aka bari sai shuka ta fara fure sannan a ce wa mutum ya kashe inji, ba zai kashe ba, kuma da wuya a ga laifinsa. Amfanin awon ƙarshen damina ke nan: in ruwa bai hau sosai ba, tun kafin a yi iri ake rage fili.

Makiyaya masu wucewa an rubuta su cikin dokar, da lokacinsu na shayarwa da abin da za su bayar a kan garke, kuma wakilinsu na zama a taron. Hukunci mataki-mataki ne: gargaɗi a gaban jama'a, sai tara ƙarama, sai rasa layi ɗaya, sai ɗauke tiyo na mako. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta nuna cewa al'ummomin da suka daɗe suna riƙe dukiyar tarayya suna da irin wannan hukunci mai hawa, da masu sa ido daga cikinsu, da wurin sasanci mai sauƙin kaiwa. Tara mai tsanani tun karon farko ba wanda ke iya karɓarta daga maƙwabcinsa, sai doka ta mutu a takarda.

Kwamiti, kuɗi da gyara

Sai a nan aka zaɓi kwamiti, bayan kowa ya ga aikin da za su yi. Mutum bakwai, da mata, da mai lambu, da mai dabbobi, da wakilin unguwar da ta fi nisa da famfo. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban, ba daga gida ɗaya ba. Fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu, kuma duk wata ana karanta shiga da fita a bainar jama'a. Jerin gidajen da aka yafe wa biya, na tsofaffi da marasa ƙarfi, a taro aka yi shi da sunaye, don kada yafiya ta zama alfarmar shugaba.

Biyan kowace jarka ya fi tara kuɗi, amma yana kora talaka zuwa kududdufi da damina, ya dawo da gudawa. Biyan wata-wata na gida ya fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi, amma bashi na taruwa. Aka ɗauki na wata-wata ga ruwan sha, na awa ga lambu, na garke ga dabbobi. Kuɗin kashi uku ake yi masa: ƙananan kaya, babban gyara da ladan makaniki, da ajiyar sayen sabon famfo, wadda ba a taɓawa ba a kuma ba da rance daga cikinta.

Famfon tuƙa-tuƙa mai ba da lita 17 a minti, in an tuƙa awa 8 ba tsayawa, lita 8,000 da 'yan kai zai bayar. Mutum 800 na buƙatar biyu suna aiki ba hutu, don haka uku ne daidai, in ɗaya ya lalace kada gari ya tsaya. Gwaji biyu mai kula da famfo ke yi duk wata. Da asuba ya ƙirga tuƙi nawa kafin ruwa ya fito: in ya wuce biyar, bawul ɗin ƙasa ko mahaɗar bututu na yoyo. Sannan ya yi cikakken tuƙi 40 cikin minti ɗaya a bokiti: lafiyayyen famfo zai ba da kamar lita 16, in ya gaza 10 robar fistan ta cinye. Famfo samfurin Afridev an yi shi ne don mutanen gari su iya zaro sandunan da fistan ba tare da ɗaga bututu ba, robobinsa da bushin hannu kuma ana sauya su kamar shekara-shekara, ba a jira su mutu. Samfurin India Mark II ya fi ƙarfin jiki, amma gyaran ƙasansa sai makaniki da kayan ɗagawa, sarƙarsa na son giris, kuma bututunsa na ƙarfe na saurin tsatsa in ruwan na da tsami, wato ma'auninsa na pH ya gaza 6.5. Alamar ita ce ruwan farko na safe ya fito ja sannan ya washe. A irin wannan wuri bututun roba da sandunan da ba sa tsatsa ake sawa, in ba haka ba mutane su guji famfon su ce ruwan ƙasar ne ba kyau.

Ga duk sabon burtsatse, kafin a biya mai haƙa kuɗin ƙarshe sai ya miƙa takardar da ke nuna irin ƙasar da ya ratsa, zurfin da ya sami ruwa, inda ya sa bututu mai tsaga, da sakamakon gwajin ja. Na famfon inji a ja shi aƙalla awa 24 a ƙarfi ɗaya, a auna saukarsa, a kashe a auna dawowarsa. Rijiyar da ta yi ambaliya a awar farko amma ta kasa dawowa kusa da matakinta bayan an kashe, aljihun ruwa ta taɓo, ba za ta kai ƙarshen rani ba.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma yawancin gurɓatar rijiya daga bakinta take shiga. Saman burtsatse, kamar mita 5 na farko, a cike kewayen bututu da siminti. Daɓen ya zama ba tsaga, ya gangara waje, magudanarsa ta kai ruwan nesa zuwa ramin tsakuwa. Kwamin dabbobi a can ƙasa, bayan shinge. Masai ya yi nisan aƙalla mita 30, a gangare ba a tudun rijiya ba, gindin raminsa kuma ya fi matakin ruwan damina tsayi da mita 1.5 ko fiye. A tsagaggen dutse mita 30 ɗin ma ba tabbas ba ne. Bayan duk gyaran da aka buɗe rijiya, a zuba kulorin ya kai miligiram 50 a lita, a bari ya kwana, a ja har warinsa ya tafi. Samfurin ruwa na zuwa ɗakin gwaji: ƙwayar E. coli, wadda ke nuna kashi ya shiga ruwa, kada a samu ko ɗaya a mililita 100, sinadarin naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, fuloraid 1.5, asenik 0.01, bisa mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya. Sinadaran ukun nan ba su da launi ko wari, tafasawa kuma ba ta cire su. A Bangaladash, da aka gano asenik a rijiyoyi masu ɗimbin yawa, fenti aka bi famfuna da shi, ja ga mai guba, kore ga na sha. Mu ma rijiyar da ta faɗi gwaji fenti ake shafa mata, a bar ta ga wanki, a ƙara wa mai kyau lokacin ɗiba.

Ƙara wa ƙasa ruwa yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin rage ja. Jerin duwatsu a kan gangare, kunyoyi masu bin kwancin ƙasa, da ƙananan madatsai a ƙorama duk suna rage gudun ruwa ya samu nutsewa. Laka na toshe gindin madatsa, sai an kwashe ta duk rani. Ruwan kwata ba a juya shi cikin rijiyar sha da sunan cika ta. Kuma abin da aka tare a sama an rage wa na ƙasa ne, shi ya sa kafin a ɗora dutse ɗaya aka gayyaci ƙauyen da ke gangare, aka nuna musu bangon awo, aka ba su tef su fara nasu. Inda dokar ƙasa ta ce sai da izini ake haƙa rijiyar inji, kwafin dokar gari na zuwa ga hukumar ruwa, domin kwamiti ba shi da ikon hana wani babban mai gona daga waje haƙa rijiya mai zurfi a bakin iyaka, hukuma ce ke da shi.

Taron shekara ana yin sa ne makonni kaɗan bayan ruwan ƙarshe. A karanta jimlar ruwan sama, a karanta inda kowace rijiyar sa ido ta tsaya, a kwatanta da na bara a daidai wannan lokaci. In matakin ƙarshen damina ya yi ƙasa da na bara shekara biyu a jere alhali ruwan sama bai gaza ba, ja ya fi shiga, sai a rage hekta. A sabunta ƙidayar mutane da dabbobi da injina, a sake raba layi, a duba ko an sauya zurfin silinda don a gyara layukan bango, sannan kowane mai awo ya kawo wanda yake koya wa, ya auna rijiya ɗaya a gaban taro.